Jibin da Ishaya Bai Ci Ba

Ina tankaɗen garin rogo a tsakar gida sai ga Larai ta shigo ko sallama babu, ƙullin kaya a ka, tabarma a hammata.

"Yaya Barira, ki ba ni wurin kwana."

"Wurin kwana kuma? Wa kika bar wa Ishaya?"

Ta sauke ƙullin a bakin murhu ta zauna a kansa. "Fasto zai kawo masa Jibi da yamma. Sun ce muddin ina gidan ba za a ba shi ba."

Na ajiye rariya na dube ta. Mijinta na kwance tun kaka, ƙafafu sun kumbura kamar turmi, ko juyawa sai ta juya shi. Dangar kara kaɗai ta raba gidanmu da nasu, duk tarin da ya yi a kunnena yake. A shekarar nan da gyaɗa ta mutu a gona, gero bai yi ba, muna cin rogo da tafasa, ita ce take tauna masa abinci kamar jariri kafin ya iya haɗiya. Wai ita ce ƙazantar da za a share daga gidan kafin a shigo da abin ibada.

A unguwarmu, yamma da Ɗanbatta, akwai 'yan gidaje na Kirista, Hausawa ne irinmu, kakanninsu Maguzawa. Rijiya ɗaya muke sha, gayya ɗaya muke yi. Suna da 'yar majami'arsu ta ƙasa mai rufin kwano, kuma kowa ya san rabin tubalinta Ishaya ne ya buga. Jibin Ubangiji da suke faɗa, gurasa ce da ɗan abin sha a ƙoƙo, suna ci don tunawa da mutuwar Yesu. A wurinsu ba ƙaramin abu ba ne. Ishaya da Larai kuwa rabonsu da shi tun ranar aurensu.

Larai ta taɓa aure. Mijinta na fari, Bitrus, ya tafi cin rani Kano bai dawo ba. Ta jira shi har goyon da ya bar ta da shi ya rasu. Daga baya ya aiko wani direban babbar mota ya ce mata kada ta jira, ya yi wata matar. 'Yan'uwansa suka karɓe ɗakin suka zuba dawa a ciki. Ishaya, da matarsa ta rasu, ya ga tana sussukar mutane don ta sami na koko, ya aure ta. Dattawan ikilisiya, wato jama'ar majami'ar, suka sa su a horo: su zo ibadar Lahadi, su zauna a bencin baya, amma ba su ba Jibi. Haka suka zauna har 'yarsu Hannatu ta girma aka kai ta Bagwai.

"Shi ya ce ki fito?" na tambaye ta.

"Bai sani ba. Barci ya ɗauke shi na sulale." Ta share ido da bakin zane. "Kullum maganarsa ke nan, Yaya, yana so ya ci sau ɗaya kafin ya tafi. In ni ce katangar, gara in kauce."

"Ke ce katangar? To ruwa fa, wa zai ba shi? Katangar ce take ba shi ai."

Na yafa mayafi, na ɗebi ruwa a randa na zagaya.

Na same shi a farke, idanu a ƙofa. Na ɗaga kansa na ba shi ruwa. Bayan la'asar sai ga Fasto Yohanna, yaro ne sabon zuwa, bai daɗe da fitowa daga makarantarsu ba. Yana riƙe da faranti an lulluɓe da farin ƙyalle. A bayansa Malam Ayuba, tsohon mai wa'azinsu da ido ya mutu, yana dogara sanda. Na koma bakin ƙofa na tsuguna. Ba wanda ya ce in fita, ni kuma ban yi niyya ba.

Fasto ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi. "Baba, na kawo maka abin da ka roƙa."

"Ina Larai?"

"Ta koma maƙwabta, Baba. Ta yi nata, saura naka. Magana ɗaya ce. Ka faɗa a gaban Allah da shaidu cewa zaman da kuka yi ba aure ba ne, ka tuba, in ba ka."

Ishaya ya daɗe yana jan numfashi. "Yohanna, ni ban yi karatu mai zurfi ba. Amma na ji Annabi Musa ya yarda a sallami mace ta je ta yi wani auren."

"Wancan tsohon alkawari ne, Baba. Don taurin zuciyar mutane aka ƙyale su. Mu 'yan sabon alkawari ne, Almasihu ya mai da aure yadda yake tun farko. Muddin Bitrus na numfashi, Larai matarsa ce."

Malam Ayuba ya buga sanda a ƙasa. "Yaro, a cikin sabon ma akwai inda aka ce in mutum ya juya baya ya tafi, wadda aka bari ba a ɗaure take ba. Kuma wa ya fara karya alkawarin? Ba shi ya fara kai wata ɗakinsa ba? Na faɗa wa dattawa tun wancan lokaci, suka fi ni yawa."

"Malam, wancan wurin a kan marar bi yake magana, wanda ba Kirista ba. Bitrus an yi masa baftisma."

"Baftisma! Wanda ya bar mace da goyo a cikin yunwa, wane bi yake yi?"

Nan haƙurina ya ƙare. "Malam Fasto, in yi tambaya? Shi Bitrus ɗin, masu zuwa Kano sun ce yana Sabon Gari da mata da 'ya'ya, ranar Lahadi da babbar riga a sahun gaba. Shi wa ya hana shi ci?"

Ya juyo. "Inna, ki yi haƙuri, wannan maganar ikilisiya ce."

"Maganar maƙwabtaka ce. Ni nake jin tarinsa, ni nake ganin wadda take kwashe masa kashi. Wanda ya gudu yana can yana ci da hannu biyu, wadda aka yasar da wanda ya tsince ta su ne masu laifi?"

"Ikilisiyar can ba ta san labarinsa ba," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Da a hannuna yake, da shi ma na hana shi."

Ba mugu ba ne, wannan ma shi ya fi ba ni haushi. Da gaske ya yarda cewa ceton mutumin yake nema.

"Baba, don Allah ka faɗa," ya ce, kamar zai yi kuka. "Ba na so ka tafi haka. Ni ma ba ni da iko in ba ka in ba ka faɗa ba."

Ishaya ya ɗaga hannu da ƙyar. "Hannatu fa?"

"Na'am?"

"In na ce ba aure ba ne, me na kira 'yata? Tana da ciki a gidan mutane. In bar mata wannan suna in tafi?"

Fasto ya buɗe baki, Ishaya ya riga shi.

"Ina da zunubai, Yohanna, in kana da lokaci in lissafa maka. Na yi fushi, na ci amanar gayya, na taɓa dukan jakin wani har ya gurgunce. Amma Larai ba ta cikinsu. Ba zan yi wa Allah ƙarya don in ci gurasarsa ba." Tari ya sarƙe shi, na matso na tallafe shi har ya lafa. "Sabon alkawarin nan Yesu da jininsa ya ƙulla shi, ba da nawa ba, ba da naka ba. Mayar da farantinka. In ya ga dama zai ba ni a can. Barira, kira mini matata."

Ban ma zagaya ba, ta saman danga na ƙwala mata kira. Ashe tana tsaye a jikin karan tana ji. Ta shigo, ta wuce Fasto ba ta dube shi ba, ta zauna a gefen gado.

"Wa ya aike ki?" in ji Ishaya.

"Na ga kana so ne."

"Ina so mana. Amma ba a bakin rabuwa da ke ba. Akwai sauran kunu?"

Fasto ya yi addu'a gajeriya, ya lulluɓe farantinsa ya fita. Malam Ayuba bai bi shi ba. Ya zauna yana rera wata waƙarsu a hankali, Larai na ɗura wa mijinta kunun rogo da ludayi, rabi na shiga rabi na bin gemu.

Washegari da hantsi ya cika, kansa a cinyarta.

Dattawa suka aiko cewa ba za a buga ƙarfen majami'a na sanar da mutuwa ba, ba kuma za a shiga da gawar ciki ba, tun da ya mutu a cikin horo. Majami'ar da ya ɗauki ƙasarta a ka! Maigidana Muntaka da ya ji, ya ɗauki diga ya kira ƙannensa haƙan kabari. Ƙasa ta bushe kamar dutse, su da samarin Kiristan suka yi ta karɓa-karɓa har azahar. Aka je Bagwai a keke aka ɗauko Hannatu. Malam Ayuba ya yi addu'ar binnewa da ka, ba littafi. Fasto ya zo, amma can gindin gawo ya tsaya, hula a hannu, har aka watse. Da ya matso zai yi wa Larai gaisuwa, ni na juya masa baya. Ita ta amsa, har ta tambaye shi jikin matarsa.

Ruwa bai sauka ba sai bayan sati uku. Da safe na ji ana taɓa danga.

"Yaya Barira, akwai ɗan irin gero da Ishaya ya ɓoye a tulu. Ba zan iya sara da zubawa ni kaɗai ba."

Muka fita gonarsa ta bayan gari. Sungumin ya yi mata tsawo, ta riƙe shi a tsakiya. Tana gaba tana sara, ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige, ƙasa mai sanyi tana shiga tsakanin yatsunmu.