Zomanya a Ɗakin Sati

Tun ranar da namijin ya mutu zomanyar ta daina cin abinci. Mama Rhoda ta kawo ganyen dankali, ta kawo dusa, har karas ta yanko mata, amma 'yar banzar ko shinshinawa ba ta yi. Sai ta tsugunna a bakin keji ta zuba wa ƙofar gida ido, kunnuwa a miƙe, kamar wani ya ce mata yana zuwa.

Ita kaɗai ta rage cikin zomayen Sati, ɗan Mama Rhoda, wanda ya tafi Kaduna ana gab da rikici, har yau ba shi ba labarinsa. In ta mutu, babu sauran abu mai rai a gidan da ya taɓa cin abinci a tafin hannunsa.

Don haka Mama Rhoda ta hau bas daga Samaru zuwa Sabon Gari, wurin Amaechi mai kiwon zomaye a bayan shagonsa. Ya zaɓo mata namiji ja mai sanyin hali.

"Mama, kar ki sa shi a kejinta fa," in ji shi. "Gidanta ne, yayyaga shi za ta yi. Ki nemi inda ba ta taɓa shiga ba, inda babu warin kowa. Kullum ki haɗa su a can, ki zauna da su. Ranar da ta lashi kansa, shi ke nan."

To, zomanyar ta gama yawon gidan nan kaf, ta goga haɓarta a ƙafar kowace kujera. Ɗaki ɗaya ne ba ta sani ba: ɗakin Sati.

Mama Rhoda ta daɗe tsaye a ƙofar da makulli a hannu. Jefi-jefi take buɗe ta, ta shige da sauri ta rufe don kada iska ta kwashe abin da ke ciki. Wai babu warin kowa! Tana turawa ya tare ta: man shafawarsa, da zufar rigar ƙwallon da ke rataye a ƙusa. Kamar yanzu yaron ya fita.

Ta sauke su a tsakar ɗakin. Zomanyar da ko tsayuwa ba ta iya yi sai ga ta ta zabura ta bi baƙon da cizo, gashi na tashi. Washegari ma haka. Shi kuma, da yake namiji ne mara kunya, ya bi bango da ƙafar gado yana fesa fitsari, ita tana bin sawunsa tana mayar da nata. Mama Rhoda na zaune a bakin gadon tana kallo, tsoro da haushi sun cika ta, amma ba ta raba su ba.

Wata ranar Asabar da hantsi baƙon ya matso ya kwantar da kai a gaban macen. Zomanyar ta daɗe tana kallon ƙofa. Sannan ta sunkuya ta lashi goshinsa, ta ja ganye ɗaya ta fara ci.

"Godiya ga Allah," in ji Mama Rhoda.

Ta tashi ta sauko da rigar daga ƙusa ta kai hanci. Ta ja numfashi, ta sake ja. Fitsarin zomo ne kawai da ɗanyen ganye. A bayanta su biyun suna ta tauna, ƙus-ƙus-ƙus.