Koren Maɓallin Inna

"Kai ne, Auta. Kai da abokanka kuka hana ni ganin 'yata kwana uku, kar ka wani sunkuyar da kai!"

Autan nawa tela ne, amma kowace Asabar sai ya rufe keke ya zauna haɗa manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, shi da wasu mutum huɗu da bai taɓa gani ido da ido ba. Ya saka min ita a tsohuwar kwamfutar babansa, wai in Inna ta iya, kowa ma zai iya.

Ni ban yi karatu ba. Koren maɓalli na sani, in na danna sai fuskar yayarsa da ke can nesa ta fito. Ranar da aka yi mata aiki a asibiti na kunna, babu kore. Komai ya koma ruwan toka, wai sabon salo. Na danna wannan, taswira. Na danna wancan, kalanda. Auta kuma ya yi tafiya. Mun yi waya da 'yar tawa, amma yarinyar nan ko tana mutuwa "lafiya lau" za ta ce.

Yau ya dawo, minti biyu ya gyara. Sai ga ta zaune tana shan shayi, har da tsiya: "Inna, kin rame!" Na sulale ƙasa ina hamdala.

Auta ya ce ba shi ya canza ba, wani ne da suke kira Gwani.

"To kira min Gwanin yanzu. Ya faɗa min wa ya tambaya."