Hoton Da Ya Riga Haɗuwarsu

Ta sake buga umarnin a kwamfuta karo na uku: date -d @1552644317. Baƙin allon ya maimaita amsarsa. Juma'a, 15 ga Maris, 2019.

Wayar mijinta ce ta faɗa bokiti, shi ya sa ta zauna a falo da safiyar Asabar tana kwashe hotunan ciki zuwa kwamfutarta. Kowane hoto sunansa jerin lambobi goma ne, wato yawan daƙiƙoƙin da suka shuɗe daga farkon 1970 zuwa lokacin da ya shiga wayar. Mayar da irinsu kwanan wata aikinta ne na kullum a ofis. Lamba ba ta taɓa ba ta tsoro ba sai yau.

Hotonta ne, a kicin ɗin gidan iyayenta, hannu duk kumfa, tana dariya. Amma ai a Disambar shekarar suka fara haɗuwa da mijin nata, Dogo, a motar haya, ranar da ya roƙi aron caja. Ta ba ƙawayenta labarin nan ya fi sau ɗari.

Dogo ya shigo da kofin shayi. "Injiniya, an ceto su?"

Ta juya masa allon. "Wannan a ina ka samo?"

"Ke kika turo min mana."

"Wata tara kafin ka san sunana?"

"Ƙila na'urar ce ta ruɗe."

"Ita ba ta ruɗewa. Ni dai aka ruɗa."

Ya ajiye kofin a hankali, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Mama ce."

"Wace Mamar?"

"Mamarki. Ta zo shagonmu yin tabarau, muka saba. Ta ce tana da 'ya mai taurin kai, ta turo min hoton nan. Ita ta gaya min motar da kike hawa. Wata tara ina tara ƙarfin hali."

Ta zuba masa ido. "Mama? Da ta yi wata huɗu ba ta amsa gaisuwarka?"

"Cewa ta yi in kika ga tana so na, shi ke nan, kin gudu. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba."

Shekara biyu ke nan da rasuwar Mama. Shekara biyu tana kuka bayan salla, tana ganin ta auri wanda uwarta ba ta so, kuma ba ta samu neman gafara ba.

"Kana ji na ina kukan nan, ka yi shiru?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka kewa ce kawai."

Ta koma kan hoton, ta yi ta ƙara girmansa. A gilashin kabad ɗin bayanta akwai wata inuwa dishi-dishi: hannu riƙe da waya, sabon tabarau, da baki da ke ƙoƙarin danne dariya.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta goge lambar, ta sa wa hoton suna: Mama.