Gaisuwa Ɗari Huɗu Tsakanin Kankiya da Kusada

Murja ta karɓi shagon mahaifinta a Kankiya shekarar da idonsa ya fara ba shi wahala. Shagon maganin dabbobi ne, a bakin titin Kano zuwa Katsina. Alhaji Badaru bai daina zuwa ba. Yakan zauna a kan benci ya tsawata wa duk wanda ya jingina babur a jikin ƙofa.

Aikinta na farko shi ne kwashe sunaye da lambobin masu sayayya daga tsofaffin littattafansa, ta zuba su a wata manhaja ta kula da kwastomomi. A cikinta mutum kan shimfiɗa sharaɗi: idan kaza ya faru, a yi kaza, kwamfuta ta aiwatar da kanta. Ta tsara guda uku. Makiyayin da ya sayi allurar rigakafi, a tuna masa kafin lokacin ta gaba. Wanda ya turo saƙo, a amsa masa nan take. Wanda kuma ya yi wata uku bai leƙo ba, a neme shi.

Ta karanta wa mahaifinta saƙon da za a riƙa turawa: "Sabon maganin tsutsa ya iso."

"Haka nan, babu ko sallama?" in ji shi.

"Baba, saƙon kasuwa ne."

"Ko na kasuwa ne, da mutum za ki yi magana. A fara gaisawa."

Sai ta jera gaisuwar hawa shida: kwana, gajiya, iyali, dabbobi, damina, sannan labarin magani. Duk lokacin da kwastoma ya amsa, manhajar ta ce masa lafiya lau, ta tura tambaya ta gaba. Abin da ba ta sa ba shi ne inda za a tsaya. Bayan hawa na shida, sai a koma na farko.

Alhaji yana da ƙane, Haladu, mai shagon iri da taki a Kusada. Shekara huɗu ba su yi magana ba, tun ranar da Haladu ya ce, a gidan suna, a gaban mutane, maganin tsutsar yayansa ƙara wa tsutsa ƙiba yake yi. Matan gidajen biyu ba su shiga faɗan ba. Da Murja ta je Kusada duba Zuliha, matar Haladu, wadda ke riƙe da wayar shagonsu, ta kwafa mata tsarin yadda yake, ta sauya magani da taki kawai.

Ranar Laraba da safe Murja ta kunna sharaɗi na uku, ta shiga lalubar kwalaye a sito. Ba ta san cewa lambar shagon baffanta tana cikin littattafan ba, tun wata shekara da ya sayi gishirin lasa.

Da ta dawo gaban kwamfutar wajen azahar, ta tarar da saƙo ɗari huɗu da sha biyu, duk tsakanin lambobi biyu. Ta kashe sharaɗin. Ɗaya lambar ta shagon baffanta ce, kuma ta san a gidansu ko sunan Haladu ba a ambata lokacin cin abinci.

"Mi ya faru?" Alhaji ya tambaya daga kan benci.

"Shagonmu ne ya gai da shagon Baffa Haladu."

"Ya amsa?"

"Ya amsa."

"Karanta mani."

Ta karanta. Kankiya ta tambayi kwana, Kusada ta ce lafiya lau, ta tambayi kwana ita ma. Aka bi gajiya da iyali da dabbobi da damina. Kankiya ta ce magani ya iso, Kusada ta ce lafiya lau, taki ya iso. Aka sake komawa kan kwana.

"Iyalin nasa, mi ya ce?"

"Lafiya lau, Baba."

"Sau nawa?"

Ta duba. "Talatin da huɗu."

"To, alhamdu lillahi," in ji Alhaji, ya tashi ya tafi alwala.

Bayan la'asar Haladu ya sauko daga kan babur ɗin haya, riƙe da waya naɗe cikin hankici. Ya yi sallama a bakin ƙofa, bai shigo ba. Murja ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ɗiyata, wayarga tun safe take kuka, har ta yi zafi. Zuliha ta ce aikinki ne."

"Kuskurena ne, Baffa. Na gyara."

Ya dubi yayansa, ya dubi ƙasa. "Yaya, ina wuni?"

"An riga an tambaya," Alhaji ya ce. "Zauna."

Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Suka ɗan jima suna kallon motocin da ke wucewa Katsina. Can Haladu ya ce yana so ya san abu ɗaya: wa ya fara?

Murja ta so ta ce ba ta sani ba, amma lokacin kowane saƙo yana rubuce. "Namu ne, Baffa. Ƙarfe takwas da minti biyar."

"Na'ura ce ta fara," in ji Alhaji. "Ni ina nan zaune."

"Nima ba ni na amsa ba. Ina gona."

Wannan ya gamsar da su duka biyun. Alhaji ya sa aka kawo fura, suka sha a kwano ɗaya, ludayi na zagayawa. Haladu ya ce raguna biyu a gidansa sun rame, bai san dalili ba. Alhaji ya tambayi yadda kashinsu yake, ya saurara da kyau, sannan ya ce wa Murja ta ɗauko kwalba ɗaya daga kanta ta sama. Haladu ya karɓa ya sa a aljihu, bai karanta sunan da ke jiki ba.

Washegari Murja ta ƙara sharaɗin tsayawa a shagunan biyu: bayan hawa na shida a yi shiru, a jira mutum. Ranar Asabar Alhaji ya ce ta nemo masa mota zuwa Kusada, zai je ya ga ragunan da idonsa, duk da dai idon ba ya gani sosai.