Karyar da Aka Ce Ta Ɓata

Taniyos manomin tuffa ne a wani ƙauye da ke kan duwatsun Lebanon, kuma kowa ya san shi da karyarsa Lauza. 'Yar guntuwa ce, ba ta kai gwiwa ba, kunnuwanta har jan ƙasa suke yi in ta kafa hanci tana bin sawun zomo. Shi ya raine ta tun tana jaririya. Shi ke goge mata kunne, shi ke cire mata kaska, kuma ba ya sakinta a gari, don irinsu in suka shaƙi sawu ba sa jin kira.

Da likita ya ce sai an yi masa aikin ƙugu a Beirut, sai ya kai ta wurin Nazih, ɗan baffansa kuma abokin farautarsa.

Ya ce, "Kada ka cika mata ciki, ba ta san ƙoshi ba. Ka riƙa kulle ƙofa."

Nazih ya yi dariya. "Haba ɗan baffa, sai ka ce amarya ka kawo mini! Je ka a gyara ka, tsoho."

Ran da ya dawo, Nazih ya tarbe shi da jajayen idanu. Wai ta haƙa ƙarƙashin shinge ta bi zomo, ba a sake ganinta ba. Taniyos bai zarge shi ba, halinta ne. Da sanda a hannu yake ɗingisawa cikin gonaki yana kiranta, Nazih na biye da shi yana taya shi kira.

Da kaka ta yi, ya kai tuffa wani ƙauye a ƙetaren kwari. A hanyar dawowa ya ji haushi daga cikin itatuwa, dogo mai karyewa a ƙarshe. Ya taka birki, ya fito ya kira. Sai ga Lauza a guje, ta yi ƙiba, ta daka tsalle tana lasar hannunsa.

Wani dattijo mai bindiga ya biyo ta.

"Malam, ka santa ne?"

"Tawa ce. Ina ka tsince ta?"

"Tsinta kuma? Nazih ne ya kawo mini ita har gida, ran da na ɗauki ɗansa aiki a kamfanina. Ya ce mai ita ba zai sake tafiya da ƙafarsa ba."

Taniyos ya jingina da mota. Dattijon ya ji kunya, ya ɗauki Lauza da hannunsa ya sa ta a kujerar gaba.

Taniyos bai wuce gida ba, ƙofar Nazih ya tsaya. Nazih na ganin karyar ya sunkuyar da kai.

"Yaron ya daɗe a zaune ba aiki, ɗan baffa. Mutumin kuma ya yaba da ita."

Taniyos ya ce, "Da ka roƙe ni, da na yi kuka na ba ka. Amma ka bi ni dawa kana taya ni kira? Ni da ƙugun nan?"



Ba a yi faɗa ba, ba a kai ƙara wurin dattawa ba. Suna haɗuwa a coci da wurin jana'iza, Taniyos ya amsa gaisuwa ya wuce. Daga baya ɗan Nazih ya yi aure, aka aiko wa Taniyos da gayyata, ya ce ƙafarsa na ciwo.