Rabin Gida a Zango

Shekara tara Ramlatu tana matsar man gyaɗa a gidan haya. Tun da ta baro garinsu Dogo ba ta taɓa dasa ko lalle ba, don ƙasar ba tata ba ce.

Sai Mai Nasara dillali ya samo mata rabin gida a Zango. Gidan gado ne, ba a raba shi da katanga ba. Alkasum zai sayar da rabonsa, ƙanensa Illa na zaune a ɗaya rabin, kuma ba ya son cinikin.

Aka daidaita a miliyan shida.

“Hajiya,” in ji Mai Nasara, “a takarda mu rubuta uku. Lanhon gwamnati, wato haraji, ya ragu, ki samu na kwanon rufi. Kowa haka yake yi.”

Illa, da tun safe bai amsa gaisuwarta ba, ya ɗago kai. “Gaskiya ne. Ni ma sai in sa hannu a shaida.”

Ramlatu ta dube shi. Mutumin da ya ƙi ciniki, me ya sa yake son takarda?

“A rubuta shida,” ta ce.

“Kuɗi sun yi miki yawa ne?” in ji dillali.

“Malam Mai Nasara, la'adarka a kan uku za ka karɓa ko a kan shida?”

Dillali ya yi tari, ya gyara hula.

A biro, ofishin biyan lanho, ta tarar da layi har bakin ƙofa, rabinsu mata. Ma'aikacin ya buga tambur, ya ce bara a yini ba ya buga goma, bana hannunsa har ciwo yake. Abin da ta biya ya cinye kuɗin kwanon. Ta fito a ƙasa, ko kabu-kabu ba ta hau ba.

Bayan kwana biyar, mai unguwa ya aiko kiranta. Illa na zaune da buhun kuɗi a gabansa. Mai unguwa ya yi mata bayani: gidan da ba a raba ba, ɗan'uwa na da haƙƙin karɓe rabin da aka sayar, in ya biya kuɗin da aka saye shi.

“Dillali ya ce uku ake rubutawa,” in ji Illa. “Ga uku.”

Ramlatu ta kwance bakin zane, ta miƙa takarda. Mai unguwa ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa.

“Shida ne, Illa. Ga tambur. Kana da shida?”

Illa ya dubi buhunsa. Ya ɗauke shi ya fita.

Ranar Asabar ta zo auna iyakar rabonta da igiyar awo, ga ɗan dashen lemo a gwangwani. Illa na tsaye a ƙofar ɗakinsa, fuska a ɗaure.

“Maƙwabci,” ta ce, “riƙe min bakin igiyar nan.”

Ya daɗe kafin ya tako. Amma ya riƙe.