Hular Gashi Don Ramlatou

Seydou ne da kansa ya zaɓi Turkiyya, wannan kuwa ba mai musu. Da 'yarsa Ramlatou ta ci gurbin karatun musaya na shekara ɗaya, ita Jamus ta so. Ya ce atafau, ɗiyarsa ba za ta kwana gidan masu cin alade ba. Ƙasar Musulmi za ta, inda ake kiran salla da lasifika. Har a masallaci ya riƙa bugun ƙirji da wannan dabara tasa.

Kwana huɗu da saukarta a Bursa ta bugo waya tana kuka. An tare ta a ƙofar makaranta, wai doka ta hana shiga aji da lulluɓi. Yarinyar da ta sha zagi da harara a garinsu Greensboro na Amurka bayan harin 11 ga Satumba ba ta taɓa cire ɗankwalinta ba, ita ce yau aka tsayar a bakin titi. Masu shirin sun ce in ba ta shiga aji zuwa Litinin ta sama ba, za su mayar da ita gida, shekarar ta tashi a banza ke nan.

Hankalin Seydou ya tashi ƙwarai. Ya buga wa ofishin shirin waya sau bakwai daga sito ɗin da yake aiki a titin Wendover, kullum amsar ɗaya ce: dokar ƙasarsu ce. Matarsa Fassouma kuwa tuwo kawai take ajiye masa ta juya baya, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Uwar masaukin Ramlatou ce ta kawo shawara: wasu 'yan matan can suna ɗora hular gashi a kan ɗankwali su wuce. Sai dai na kasuwarsu duk mai santsi ne, a kan baƙar yarinya kowa zai gane.

To, ga Malam Seydou, da gemunsa da carbinsa, a shagon kayan kwalliyar mata ranar Alhamis da hantsi, yana ta zufa. Ya nuna wata hular gashi mai ƙananan kitso, ya biya, ya ruga gidan waya. Ma'aikaciyar ta duba takarda ta ce ko da na gaggawa ne ba ta yi masa alkawarin Litinin ba, ga kwastan a gaba. Ya roƙe ta kamar ita ke tuƙa jirgin. Ta ce ya yi haƙuri, akwai mutane a bayansa.

Ya koma mota da kwalin hular a cinya, ya kankare katin waya, ya kira ta.

"Ramlatou, na samo hular. Ki ƙara haƙuri, zan san yadda..."

"Baba," ta katse shi, muryarta can ƙasa. "Na cire ɗankwalin. Tun shekaranjiya nake shiga aji. Na kasa gaya maka."

Muryar na'ura ta shigo ta ce saura minti ɗaya.

"Baba, ka yafe mini?"

Ya dubi kwalin da ke cinyarsa.

"Ni na kai ki, 'yata. Laifin a wuyana yake. Gobe ma ki je aji."